Toyi da Gobara: Tarihin Ikon Yanke Shawara a kan Wutar Daji a Arewacin Nijeriya

Bahaushe yana da kalmomi biyu ga wutar da ta kama ciyawa a fili, kuma ba ya haɗa su. Idan mutum ya cinna wa daji wuta da gangan, a lokacin da ya dace, don wata bukata da jama'a suka sani, sai a ce ya yi toyi. Idan kuwa wutar ta kuɓuce, ta ci rumbu ko tarin kara ko ƙauye ɗungum, sai a ce gobara ta tashi. Wutar ɗaya ce, ciyawar ma ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne lokaci da izini. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin wannan izini, watau a ga wa ke ba da shi a kowane zamani, tun daga mulkin sarakuna, zuwa En'e, zuwa ƙananan hukumomi, har ya zuwa zamanin da tauraron ɗan'adam ke hango wuta daga sama. Za a nuna cewa idon da ke ganin wutar ya yi ta ƙara kaifi, amma ikon yanke shawara a kanta ya yi ta nisa da inda ciyawar take.

Masu toyi da masu hasara

Kafin a yi maganar hukuma, ya kamata a san dalilin da ya sa ake bukatar hukunci tun da fari. Masu cinna wuta a daji suna da yawa, kuma kowa da lokacinsa. Manomi yana yin sassabe, sa'an nan da bazara ya tattara sharar gona ya ƙone don ya sami toka. 'Yan farauta suna sa wuta da rani don zomo da gafiya da sauran namun daji su fito. Mai ɗebo zuma yana hawa bishiya da bakin wuta. Makiyayi kuwa yana ƙone tsohuwar ciyawa da ta yi gauri don sabon tofo ya fito, ya kuma rage kaska. A ɗaya gefen akwai waɗanda wutar ke cuta: mai yankan gamba da shuci don zana da jinka, matan da ke jiran kaɗanya da ɗorawa su yi 'ya'ya, da manomin da bai gama kwashe dawarsa daga gona ba. Idan ɗan farauta ya riga mai jinka, to a bana ɗakin wani zai yi yoyo.

Akwai kuma bambancin ƙasa, wanda shi ne ginshiƙin dukkan maganar. A kudancin ƙasar Hausa, irin su ƙasar Zazzau, ciyawa irin gamba tana da saiwa mai rai, in an ƙone ta da wuri, ƙasa na da sauran laima, sai ta sake tofowa. A can arewa kuwa, wajen iyakar Nijar, yawancin ciyawar mai shekara ɗaya ce, daga iri take fitowa; in ta ƙone a watan Nuwamba, ba za a sake ganin ta ba sai ruwa ya sauka, dabbobi kuma su kwana da yunwa wata shida ko bakwai. Saboda haka abin da yake gyara a wata gunduma, ɓarna ne a wata. Doka ɗaya ba za ta iya yi wa duka biyun adalci ba.

A zamanin sarakuna wannan hukunci yana hannun waɗanda ke zaune a wurin. Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma galibi dagaci da masu unguwanni su ne masu faɗa a ji, sarkin noma yana magana da bakin manoma, sarkin baka da bakin maharba, arɗo da bakin Filani. Ana yin shela a kasuwa ko a bakin masallaci. In gobara ta tashi a yi kururuwa, kowa ya fito da ɗanyen ganye ko ƙasa ko tulu, wanda ya noƙe kuma an gan shi. Bayan al'ada akwai shari'a: fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, ya ɗora biyan hasara a kan wanda ya hura wuta a ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi har ta ci dukiyar wani. Abin lura a nan shi ne malaman fiƙihu ba su haramta hura wutar ba. Lokacin da aka hura ta suka duba. Kada dai a ɗauka zamanin ya kasance na kwanciyar hankali. Garuruwan jinka da danga sun sha ƙonewa, mayaƙa kuma sun sha amfani da wuta a matsayin makami.

Zamanin En'e

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka kafa baitulmali, aka kuma tsara hukumar gargajiya da doka, wadda Hausawa suka kira En'e. An yi dokar En'e a 1916, aka sake ta a 1933, sa'an nan Jihar Arewa ta yi tata a 1954. Waɗannan dokoki sun ba sarki da majalisarsa ikon kafa ƙa'idoji da ba da umarni a kan al'amura da dama, har da ƙona ciyawa da sarar itatuwa. Umarni yakan fito daga fada ya sauka wurin hakimi, daga nan ya je wa dagaci, ya ƙare a hannun mai unguwa. Bayan umarnin kuma akwai dogarai da 'yan doka da alƙali da gidan yari, duk na En'e. Ita ma dokar daji ta 1916, da wadda ta maye gurbinta a 1937, sun buɗe wa En'e hanyar keɓe gandun daji da sunanta, ta ɗauki malaman daji tana biyan su daga baitulmali.

Sai dai shawarar da sarki ke sa wa hannu, a ofishin Baturen daji ake dafa ta. Ma'aikatan daji na Ingila sun gaji iliminsu ne daga Turai da Indiya, inda aka ɗauki wuta a matsayin babbar abokiyar gābar itace, don haka ra'ayinsu na farko shi ne a hana toyi baki ɗaya. Wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi sa'ad da E. P. Stebbing, tsohon ma'aikacin daji a Indiya kuma shehun malami a Jami'ar Edinbara, ya zaga Arewa a 1934, ya buga maƙala a 1935 yana gargaɗin cewa hamadar Sahara na gangarowa kudu, yana kuma ɗora laifi a kan sassabe da kiwo da ƙunar daji. Maganarsa ta tayar da hankali har Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a tsakanin 1936 da 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa hamada na tahowa kamar yadda aka faɗa ba, ko da yake ya ga wuraren da ƙasa ta gaji saboda aikin ɗan'adam.

Abin da ya fi wannan muhawara amfani shi ne wani gwaji mai tsawon rai da aka fara a 1929 a gandun dajin Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abekuta. An ware filaye uku masu kama da juna. Na farko aka tsare shi daga wuta sam, na biyu ana ƙone shi kowace shekara da farkon rani, na uku ana ƙone shi da ƙarshen rani. Da Charter da Keay suka buga sakamakon a 1960, sai aka ga wanda aka tsare ya koma kurmi, wanda ake ƙonewa a makare ya zauna fili mai ciyawa da 'yan itatuwa masu jure wuta, wanda ake ƙonewa da wuri kuwa itatuwansa sun yi yawa, har wasu na kurmi sun soma shiga. Bafaranshe Aubréville ya kafa irin wannan gwaji a 1936 a Kokondekro, kusa da Buwake a ƙasar Kwaddibuwa, sakamakon kuma bai saɓa ba. Dalilin a fili yake. Da kaka ciyawa ba ta gama bushewa ba, raɓa na sauka, wutar tana tafiya a hankali, tana tsallake wasu wurare, da dare ma takan mutu da kanta. A watan Fabrairu ko Maris kuwa komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa, wutar takan tashi sama da tsawon mutum ta kashe ƙananan itatuwa har saiwa.

Su kuma ma'aikatan da ke fama da dajin Arewa sun gano wani abu da ba ya bukatar gwaji: ba a iya tsare daji mai faɗi daga wuta har abada. In an tsare shi shekara uku, busasshiyar ciyawa ta taru, a ta huɗu wani matafiyi ya yar da guntun taba, wutar da za ta tashi ta fi ta shekaru ukun a haɗe. Daga nan aka koma ga ƙuna da wuri a gandayen daji, watau hukuma da kanta ta riƙa yin toyi da farkon rani don ta riga gobara. Abin dariya ne kaɗan, domin kuwa an yi shekaru ana bincike kafin a iso inda makiyayi yake tsaye tun tuni.

Ba za a musa cewa tsarin En'e yana da haƙora ba. In an ce kada a sa wuta, akwai wanda zai ji, akwai wanda zai kama, akwai wanda zai yanke tara. Amma haƙoran sun ciji talaka fiye da kima. An keɓe dazuzzukan da mutane ke kiwo da saran itace a ciki tun kaka da kakanni, an sa talakawa share iyakar gandu, malamin daji kuma ya zama abin tsoro a ƙauye. Irin waɗannan koke-koke na cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, kunnen talakawa. Kuma ko a lokacin, ranar toyi ta riga ta tashi daga bakin dagaci ta koma takardar ofis. Dagaci ya zama mai isar da saƙo.

Daga En'e zuwa ƙaramar hukuma

Rushewar En'e ba a rana ɗaya ta faru ba. A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya aka karɓe 'yan doka da gidajen yari aka haɗa su da na tarayya, kotunan alƙalai kuma suka koma hannun gwamnatocin jihohi. Sa'an nan gyaran 1976 ya zo da tsari iri ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, aka kafa ƙananan hukumomi 301, aka mai da sarakuna masu ba da shawara. Adadin ya kai 589 a 1991, ya kai 774 a 1996. Jihar Kano kaɗai tana da 44. A ido, wannan kusantar da mulki ne ga jama'a, tun da hedkwatar hukuma ta matso kusa da ƙauye. To amma hukumar da ta matso ɗin ba ta da ɗan sanda, ba ta da kotu, dagaci da mai unguwa kuma, waɗanda su ne suka san wanda ya fita farauta jiya, ba su da wani iko na doka da ya wuce kai rahoto.

Tsarin Mulki na 1979 da na 1999 sun jera ayyukan ƙaramar hukuma a Jadawali na Huɗu. Duk wanda ya karanta jerin zai ga kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, lasin keke da amalanke, sa wa tituna suna, har da kula da dabbobin gida. Zai ga an ce ta sa hannu wajen raya aikin gona da albarkatun ƙasa. Ba zai ga kalmar wuta ba. 'Yan kwana-kwana na jiha ne ko na tarayya, motocinsu kuma a manyan birane suke. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin noma har hekta 500, na kiwo har hekta 5,000, ba tare da ta nemi yardar gwamna ba, amma ba ta ce komai a kan ranar da za a ƙone filin ba. Da aka tashi yin ƙa'ida ta musamman, daga sama ta fito: a 2011 aka fitar da ƙa'idojin tarayya na hana ƙunar daji da ƙone-ƙone a fili, ƙarƙashin hukumar NESREA da aka kafa a 2007, waɗanda suka shar'anta neman izini kafin a sa wuta. Niyyar kyakkyawa ce. Sai dai mai son ƙone sharar gonarsa a wani ƙauyen Gumel ko Birnin Gwari ba zai je birni neman takarda ba, ba kuma wanda zai zo ya tambaye shi ita.

Domin a ga cewa akwai wata hanyar, yana da kyau a leƙa Gana, wadda ita ma ta gaji tsarin mulkin Ingila, arewacinta kuma daji ne irin namu. A ranin 1982 zuwa 1983 fari ya haɗu da hunturu mai tsanani, wuta ta ci gonakin koko da na abinci masu ɗimbin yawa, a daidai shekarar da Nijeriya ta kori 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka koma gida cikin yunwa. Gwamnatin Rawlings ta yi dokar gaggawa a 1983, sa'an nan bayan an kafa majalisun gunduma 110 a 1988, ta sake dokar a 1990. Sabuwar dokar ta wajabta wa kowace majalisar gunduma ta kafa ƙaramin kwamiti na ƙunar daji, wanda zai tsara ƙa'idojin gundumar, ya kuma faɗi watannin da ba a yarda a sa wuta ba. Ta kuma ce a kafa ƙungiyar 'yan sa-kai a garuruwa, hukumar kashe gobara ta ƙasa ta horar da su. Wutar daji ba ta ƙare a Gana ba, 'yan sa-kan ma sun sha kukan rashin kayan aiki. Amma dokar ta amsa tambayar da Jadawali na Huɗu ya tsallake, watau wa ke da alhakin faɗin lokaci, ta kuma ajiye amsar a gunduma.

Ido daga sama

A watan Disamba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Terra, a 2002 ta bi shi da Aqua, kowannensu ɗauke da na'urar MODIS mai jin zafin wuta a ƙasa, tana nuna wurin da ke ci a cikin murabba'in kilomita ɗaya. A 2011 aka ƙara da na'urar VIIRS, wadda ta rage murabba'in zuwa mita 375. Ta hanyar tsarin da ake kira FIRMS, duk mai kwamfuta ko wayar salula da intanet yana iya ganin jajayen ɗigo-ɗigo a taswira, cikin sa'o'i uku da wucewar tauraron, kyauta, yana ma iya neman a riƙa aiko masa da sanarwa game da gundumarsu. Wayar salula ta GSM kuwa ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya hukumar sadarwa ta ƙasa ta ware lamba 112 don kiran gaggawa. Babu Razdan ko sarkin da ya taɓa mafarkin irin wannan gani.

Waɗannan na'urori sun koyar da abubuwa biyu masu muhimmanci. Na farko, kimanin kashi biyu cikin uku na dukkan ƙasar da wuta ke ci a duniya kowace shekara a Afirka take. Na biyu, wanda ya ba mutane da yawa mamaki, wani bincike da Andela da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya nuna cewa faɗin ƙasar da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, ragin kuma ya fi yawa a dazuzzukan ciyawa, inda gonaki suka cinye daji. Wanda ya san kewayen birnin Kano, inda gona ke jingine da gona ba saura, ba zai yi gardama ba. A irin waɗannan wurare wutar fili ta sake mazauni, ta koma juji da tarin kara da rumfunan kasuwa. Gobarar babbar kasuwar Jos a 2002, da ta kasuwar Sabon Gari a Kano a watan Maris na 2016 wadda ta ci dubban shaguna, sun isa misali ga abin da ke faruwa in kasuwa ta kama, alhali kasuwa da juji, a takarda, suna cikin jerin ayyukan ƙaramar hukuma, motar ruwan kuma ta wata hukumar ce.

Game da dajin da ya rage, na'urar tana da iyakarta. Tauraron yana wucewa ne sau kaɗan a rana, wutar da aka cinna da yamma ta mutu da dare tana iya kuɓuce masa. Abin da ya fi wannan girma, jan ɗigon da ke taswira ba ya bambanta toyi da gobara. Ɗigo a ƙasar Zazzau a watan Nuwamba mai yiwuwa ne makiyayi ke gyaran makiyaya. Ɗigo irinsa a arewacin Katsina a watan Maris mai yiwuwa abincin garke ne na wata uku ke tafiya. Wanda zai fassara shi sai wanda ya san wurin, ya san ciyawar, ya san mai gonar. In kuma an fassara, sai an sami mai ikon cewa a fito, da mutanen da za su fito. Wanda ya kira lambar gaggawa daga ƙauyen da ke nesa da birni da kilomita ɗari, za a amsa masa cikin daƙiƙa, amma wutar ciyawa ba ta jiran mota.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, ta kuma ce shugabannin riƙo da gwamnoni ke naɗawa ba su da gurbi a Tsarin Mulki. Hukuncin ya shafi kuɗi da zaɓe ne, bai ƙara ko layi ɗaya a jerin ayyukan ba. Sai dai a ƙarshen Jadawali na Huɗu akwai wata 'yar sakin layi da ta ce ƙaramar hukuma za ta iya ɗaukar duk wani aiki da majalisar dokokin jiha ta ɗora mata. Ta wannan ƙofa kowace jiha tana da ikon yin irin abin da Gana ta yi a 1990, ta ba kansiloli alhakin tsai da watannin toyi tare da dagatai da arɗaɗai da sarakunan noma, ba tare da an taɓa Tsarin Mulki ba.